Sunaye Biyu da Bakina Ba Ya Ɗauka

Ku matso, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. A kaina ya faru, a nan garin Lafia, kuma waɗanda suka gani da idonsu ba su ƙare ba. Ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a jikin bango, wucewa zan yi ban san da ni ake ba. Amma na shigar da jikata jami'a, kuma yau zan gaya muku da abin da na shigar da ita.

A gidanmu akwai sunayen da mace ba ta kamawa. Ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan uwar mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Haka na ga uwata tana yi, haka na tashi. Mu mutanen Kwandere ne, daga can muka dawo cikin gari ni da maigidana da mahaifiyarsa. Ita wannan tsohuwa, Allah ya ji ƙanta, ita ta koya mini matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da na ci na sha da ita har ƙarfina ya ƙare. Shekaru masu yawa muka zauna tsakar gida ɗaya, turmi ɗaya, kasko ɗaya, ban taɓa buɗe baki na kama sunanta ba. Ko wata baƙuwa mai irin sunan ta zo sayen mai, sai dai in ce, baiwar Allah, kawo kwalbarki.

Ɗana na fari kuwa, na goya shi, na yaye shi, na yi masa aure, ban taɓa kiransa ba. In ina son sa sai in ce, kai, yaron nan. Ya san da shi nake. Da Allah ya ba shi 'ya ta fari, sai ya sa mata sunan kakarsa, wato uwar mijina. To kun ga yadda yarinyar ta zo duniya: sunanta na farko na surukata, na biyu na ɗana na fari, duka biyun bakina ba ya ɗauka. Sai na yi mata laƙabi irin wanda ake yi wa mai sunan manya, kowa a unguwa ya kama. Tana da shekara uku ubanta ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Maigidana dama ya riga shi. Uwarta ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Obi, yarinya ta zauna a hannuna.

Shekarar da aka ba mu jiha, gari ya cika da baƙi, manyan motoci na ta shigowa da kujerun ofis, a shekarar ne ta isa shiga makaranta. Ina da maƙwabciya, 'yar ƙabilar Tibi ce, Kirista, mai sayar da doya a kasuwa. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta taɓa hana gishiri ko garwashi tsallakawa ba. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk shi ne. Ta leƙo da safe ta ce, "Mama, yau ana ɗauka yara. Wanke yarinya, mu kai shi."

Na wanke ta, na shafa mata mai, muka tafi. Hedimasta yana zaune gindin mangwaro da tebur da wani ƙaton littafi. Mutumin Eggon ne, dogo, mai fara'a. Ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, ta kamo. Sai ya ɗaga biro ya ce, "Sunanta?"

Na dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Na faɗi laƙabin da nake kiranta da shi, ya rubuta.

"Sunan uba?"

Nan fa. Layi ya yi tsawo a bayana, rana ta fara zafi, ni kuwa harshena ya manne. Ya tambaya sau uku. Sai maƙwabciyata ta ga ana ɓata lokaci, ta ce, "Oga, uban ya mutu. Su mutanen Kwandere ne." Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu, ya ce mai bi. Na dawo gida ina jin daɗi wai na tsallake ban yi rashin kunya ba. Ban san abin da ya rubuta a gurbin uba ba. Ashe sunan garin ya sa.

Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana karatu da wannan suna, laƙabi a gaba, Kwandere a baya. Ita a ganinta kowa haka yake, da sunan gida da sunan makaranta. Ni kuwa takarda duk takarda ce a wurina. Duk wadda ta kawo, in karɓa in naɗe a cikin ɗankwali in sa a ƙasan adaka, tare da takardar haihuwarta wadda ubanta ya karɓo daga asibiti da hannunsa. Ban san ina tara mutum biyu a ɗankwali ɗaya ba.

Ta gama sakandare. Daga nan na fara sanin cewa shiga jami'a ba ƙofa ɗaya ba ce, ƙofofi ne a jere, kowace da mai gadinta. Akwai jarrabawar gama makaranta. Akwai jarrabawar neman shiga. Akwai wani ɗan kati da ake kankarewa da farce a kai shagon kwamfuta, wai a can cikin gilashi ake ganin sakamako. Shekarar farko makinta bai kai ba. Ta yi kuka ta share, ta zauna gida shekara guda tana taya ni murza ƙuli, littafi a buɗe bisa buhun gyaɗa, shafukan duk sun yi tabon mai. Na tambaye ta me take son karantawa har take wannan wahala. Ta ce halittun da ido ba ya gani.

Na ce, "Aljanu?"

Ta yi dariya har ta zubar da gyaɗa. Ta ce, "Kaka, ƙwayoyin cuta! Irin waɗanda suka kashe Baba ba a san su ba."

Na ƙara wa kasko wuta.

Shekara ta biyu ta ci. Ta je jami'ar ta sake yin wata jarrabawar tasu ta kansu, ita ma ta ci. Ranar da sunanta ya fito a allo, maƙwabciyata ta yi guɗa irin tasu har kajin unguwa suka watse. Saura abu ɗaya, wai tantancewa: a kai takardu duka a duba. A ciki har da takardar shaidar cewa ita 'yar asalin ƙaramar hukumar nan ce, don gurbin da aka ba ta na 'yan jiha ne. Baffanta, ƙanin ubanta, wanda ke gyaran injin niƙa a bakin kasuwa, shi ya je ya karɓo. Mai unguwa ya ci goron sunan yarinyar, don haka sunan yanka ya rubuta da sunan ubanta, ofis kuma suka bi abin da ya rubuta. Baffan ya ninke takarda ya kawo, bai haɗa ta da sauran ya duba ba.

Ranar Alhamis suka tafi da sassafe, ita da baffanta. Kafin la'asar sai ga su sun dawo. Daga yadda ta ajiye jakar na san ba lafiya.

Baffan ne ya yi bayani. Ya ce, "Inna, matar da ke duba takardu ta raba su kashi biyu a kan tebur. Na makaranta gefe, na haihuwa da na asali gefe. Ta ce ita mutum biyu take gani, gurbi kuwa ɗaya gare ta. Ta ce akwai masu aro takardar asali ta wasu su shigo da ita, don haka ba za ta sa hannu ba."

Na ce, "To yanzu me ta ce a yi?"

"Wasiƙa daga makarantar firamare. Sannan wanda ya kai ta makaranta ya je kotu ya rantse cewa sunayen nan biyu mutum ɗaya ne. Juma'a ta makon gobe za su rufe. In ba a kai ba, a ba wani gurbin."

Yarinyar ta jira ya gama. Sannan ta ɗago, idonta ja, ta ce, "Kaka, me ya sa ba ki faɗi sunana ba ranar nan?"

Na ce, "Uwata, kin san ba na iyawa."

"Na sani. Amma kunyarki za ta cinye mini shekara ta uku."

Baffanta ya daka mata tsawa. Na ce ya ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Ba hedimasta ya yi kuskure ba, ba maƙwabciya ba. Ni aka tambaya, ni na yi shiru.

Washegari baffan ya dawo da dabaru biyu. Ta farko, ya ce a koma ofis a sake takardar asali da sunan makaranta, a ɓoye ta haihuwa, shi ke nan takardu sun zama ɗaya. Na ce, "Wato ta gama jami'a, a ba ta babbar takarda, a duba a ga ba ta da uba sai gari? Yayanka ya sa mata suna da bakinsa, ya yanka rago, ni na kankare shi sau ɗaya da shiruna, yanzu kuma in kankare shi da saninna? A'a."

Ya ce, "To, ni zan je kotun in ce ni na kai ta makaranta."

Na ce, "Kai da kake koyon aiki a wani gari a shekarar? Ka ɗora hannu a kan Alƙur'ani ka faɗi abin da bai faru ba, don a rufa mini kunya? Ban haife ka don wannan ba."

"Inna, a kotu fa suna ake kamawa. Gaban mutane."

Na ce, "Na ji. Ka nemo mini ranar."

Aka fara da wasiƙa. A makarantar an sami tsohon littafin nan, gara ta ci gefensa, amma layin yarinyar yana nan. Sabon hedimasta ya ce shi bai san zancen ba, sai wanda ya rubuta ya yi shaida. Tsohon kuwa ya yi ritaya ya koma gona a hanyar Doma. Nan maƙwabciyata ta yi amfani, don a wurinsa take sarin doya. Ranar Litinin muka hau mota ni da ita da yarinyar. Muka same shi a gona, kansa ya yi fari, yana gyara kunyoyin doya. Da aka yi masa bayani sai ya jingina fartanya ya dube ni, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Na tuna! Mama mai kallon ƙasa! Sau uku na tambaye ki. Ni na ɗauka Hausata ce ba ki gane ba, har na ji haushin kaina."

Na ce, "Malam, Hausarka ba ta da laifi. Sunan ne ya fi ƙarfin bakina."

Na gaya masa al'adar. Ya daina dariya. Ya ce shekara talatin yana ɗaukar yara, ya sha ganin tsofaffin mata suna yin shiru a gaban teburinsa, shi kuma ya cike da sunan gari ko na unguwa, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ce ko yara nawa ne ke yawo da irin wannan suna daga hannunsa, Allah kaɗai ya sani. Ya wanke hannu, ya zauna a kan kututture, ya rubuta shaida a kan cinyarsa. Ya kuma ba yarinyar doya biyu, wai ta kai jami'a ta ce daga wanda ya raɗa mata suna na biyu. Talata makaranta ta buga hatimi.

Laraba ce ranar kotu. Na yi wanka, na yi alwala, na ɗaura zanen da nake zuwa Idi da shi. Mu huɗu muka tafi, don maƙwabciyata ta ce tun da bakinta ya shiga farkon maganar, sai ta ga ƙarshenta. Ban taɓa taka kotu ba. Ina tsammanin zan ga alƙali bisa kujera mai tsawo, sai aka kai mu wani ɗan ofis mai fanka, da benci cike da mutane masu jiran irin tamu, yawancinsu iyaye da 'ya'yansu riƙe da ambulan. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Wannan an ƙara masa shekara, wancan an juya masa suna.

Magatakardan saurayi ne, bai fi sa'an baffanta ba. Ya karɓi takardu, ya saurari baffan, ya buga a tafireta, kwas kwas kwas. Da ya gama ya ce wace ce mai rantsuwa. Na miƙe. Ya duba takardar, ya duba ni, sai na ga ya gane. Ɗan gida ne, ya san abin. Ya sassauta murya ya ce, "Mama, ni ma kakata haka take. Ga yadda za mu yi. Ni zan karanta sunayen, ke kuma ki ce haka ne, ki dangwala yatsa. Ya wadatar."

Baffan ya sauke ajiyar zuciya. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na ji sanyi ya ratsa ni. Ga hanya an buɗe mini. Amma sai na tuna gindin mangwaron nan. Can ma shiru na yi wani ya cike mini, ga inda ya kawo mu.

Na ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma wancan karon ma wani ne ya faɗa a madadina. Yau ba mai faɗa mini. Kawo Littafin."

Ya miƙo. Na ɗora hannuna. Ya ce, "To Mama, yarinyar nan da ke tsaye, mene ne sunanta na yanka?"

A zuciyata na ce wa tsohuwar, ki yafe mini, ba raini ba ne, takwararki ce za ta wuce. Sannan na faɗa. Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba, amma ya fito, kuma duk wanda ke kan bencin ya ji.

"Sunan mahaifinta?"

Wannan ya fi nauyi. Yaron da na ɗauka wata tara. Ko ranar da yake kwance yana numfashi sama sama, ina riƙe da kansa, kai yaron nan nake cewa. Na ɗaga kaina, ban dubi ƙasa ba, na kira shi. Na kira shi da ƙarfi, yadda uwa ke kiran ɗanta in ya yi nisa a gona. Baffan ya juya ya fuskanci bango. Yarinyar ta kama gefen mayafina ta riƙe, ba ta taɓa jin sunan ubanta daga bakina ba.

Na ci gaba ba a tambaye ni ba. Na ce ni na kai ta makaranta, ni aka tambaya na kasa faɗa, laƙabin ni na yi mata, garin kuwa garinmu ne. Mai wancan suna da mai wannan, ga ta nan, mutum ɗaya ce, a bayana ta girma. Magatakarda ya karanta mini abin da ya buga da Hausa, na ce haka ne. Ya kama babban yatsana ya taɓa tawada, na dangwala.

Muna fitowa maƙwabciyata ta dafa kafaɗata, tana share ido da bakin zane, ta ce, "Mama, ashe ka san sunan! Shekara goma sha uku ka bar ni ina ɗauka laifi!"

Duk muka yi dariya a bakin kotu, har yarinyar.

Alhamis ta koma jami'a da baffanta, kwana ɗaya kafin a rufe. Matar nan ta karanta wasiƙa, ta karanta rantsuwa, ta tattara kashi biyun nan ta haɗa su wuri ɗaya ta maƙale. Ta ce a kuma sanar a jarida, aka sanar. Da yarinyar ta zo hutun farko ta nuna mini katinta na ɗalibai mai hoto. Ta ɗora yatsana a kan rubutun ta ce, "Kaka, nan sunan kakar Baba, nan kuma Baba." Na shafa. Ban iya karantawa ba, amma na san tsawon kowanne.

Tsohon hedimasta ya rayu shekaru kaɗan bayan haka, ya rasu a gonarsa, an ce har ƙarshe yana ba mutane labarin mama mai kallon ƙasa. Magatakardan an yi masa canjin wurin aiki, ban sake ganinsa ba, amma ina sa shi a addu'a. Maƙwabciyata ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa, 'yarta ce ke riƙe da rumfar doya, ita kuwa tana nan bayan katanga, kullum da safe sai ta ƙwala mini kira ta ji ko na tashi. Baffan ya buɗe shagonsa, kuma duk ɗan da ya haifa shi da kansa yake kai shi makaranta, ya tsaya a kan mai rubutu har sai ya ga abin da aka sa. Uwar yarinyar tana Obi da 'ya'yanta, ta zo bikin gama karatu, ita ma har yau ba ta kama sunan 'yarta ta fari ba. Jikata ta gama, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana leƙa abubuwan nan da ido ba ya gani. Ita ce ke riƙe da biro yanzu ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta sa sunan kowa.

Ni kuwa na ajiye kasko, ido ya yi rauni. Tun daga ranar Larabar nan ban sake kama sunayen nan biyu ba, kuma ba na jin zan sake. Sau ɗaya aka buƙace su a bakina, na kuwa bayar.